Furanni Bakwai na Gonda-san

Duk wanda ya taɓa shiga shagon faifan Kito a layin kasuwar Osu da ke birnin Nagoya na Japan ya san abubuwa biyu da ba sa hutawa a can. Akwai garmaho a gefen kanta, akwai kuma Gonda-san a kan kujerarsa. Bambancinsu ɗaya ne, shi garmaho in ka ɗaga masa allura sai ya yi shiru.

Kujerar 'yar guntuwa ce ta katako, mai ƙafa uku, ɗaya ma ta ɗan gaza sauran. Da kansa ya kawo ta, shekarar da ya dawo Nagoya bayan ya kwashe shekara talatin a Tokyo. Ya dawo ya tarar iyaye sun rasu, abokai sun watse, ɗakinsa shiru kamar an yi sata. Wata rana ya shigo shagon yana tambayar wani tsohon faifai. Bai saya ba, bai kuma tafi ba sai da aka tashi. Washegari ya zo da kujera. Tun daga nan can ne ofishinsa, can ne majalisarsa, kuma in za a faɗi gaskiya, can ne kaɗai wurin da ake lura idan bai zo ba.

Babu mawaƙin da za a ɗora faifansa Gonda bai san shi ba.

"Wannan? Lokacin da nake Tokyo ni na ce masa ya daina rina gashi. Ka ga da ya ji maganata ya yi suna."

Wane aiki ya yi a Tokyon, ba wanda ya sani. In an tambaya sai ya ɗaga hannu sama ya ce, "Harkar manyan wasanni," kamar wanda aka hana shi faɗar sirrin gwamnati.

Ita kuwa mai shagon, Kito-san, mace ce da ba ta ɓarnar magana. Tana da tsari ɗaya da ba ta canjawa. Duk mawaƙin da ya fitar da sabon faifai, ranar Asabar sai a tura teburin tsakiya gefe, mutum goma sha wani abu su tsaya a tsaye, ya yi waƙa uku ko huɗu, ya sa hannu a faifan waɗanda suka saya, kowa ya kama gabansa. Babu ado, babu surutu.

A wannan makon Chizuru ce a layi, wadda ke dafa taliya mai faɗi a shagon bayan layi. Ta haura arba'in, ta kwashe shekaru tana rera waƙoƙinta ga tukunya da tururi, sai bana ta yi ƙarfin hali ta buga faifanta na farko. Muryarta ƙasa-ƙasa ce, kunyarta kuwa ta fi muryar yawa. Sau biyu tana zuwa ta ce a fasa, Kito-san na cewa a'a.

Ranar Talata aka kawo kwalayen sababbin faifai, na Chizuru a ciki. Kito-san ta sunkuya za ta ɗaga ɗaya, bayanta ya ce bai yarda ba. Ta miƙe da ƙyar tana riƙe da ƙugu.

"Kin gani ko?" in ji Gonda. "Ki bar mini Asabar ɗin nan. Ni da na cika zauren mutum dubu goma, wannan ɗan akurkin ne zai gagare ni?"

"Tebur kawai za ka tura, Gonda-san."

"Tebur! Shi ya sa mawaƙanku ba sa zuwa ko'ina. A Tokyo, kafin mawaƙi ya buɗe baki an riga an sayar da shi tun daga bakin ƙofa."

Kito-san ta dube shi ta saman tabarau. Ta san ba za ta iya ɗaga ko tsinke ba, ta kuma san wanda take magana da shi.

"To, ji nan. Da ƙyar na shawo kan matar nan. In Asabar ta wuce Chizuru ba ta yi waƙarta a gaban mutane ba, ka ɗauki kujerarka ku tafi tare. Ba wasa nake ba."

Gonda bai taɓa jin ta ambaci kujerar ba sai yau. Amma bakinsa ya riga zuciyarsa.

"Ki sa ido kawai ki sha kallo," ya ce.

Ya fara da gaisuwar maƙwabta, kamar yadda ake yi in za a yi hayaniya. Ya sayi ƙananan tawul ya bi shago-shago yana rusunawa yana ba da haƙuri tun kafin laifi. Wannan kam daidai ne. Inda ya ɓata shi ne, maimakon ya ce za a ɗan yi kiɗa, sai ya riƙa cewa za a yi abin da Osu ba ta taɓa gani ba.

Shagon da ke kallon na Kito na Goggo Tomeko ne, mai gasa wainar shinkafa a tsinke. Ta karɓi tawul ta juya shi gaba da baya.

"Wannan na share hannu ne ko na toshe kunne?"

"Manyan mutane za su aiko da gaisuwa daga Tokyo, Tomeko-san."

"Su wa?"

"Ba sunayen da ake faɗa a bakin titi ba ne."

"A ina ake faɗarsu, a ƙarƙashin bargo?"

"Za ki gan su da idonki a rubuce a allo."

Hannun Goggo Tomeko ya tsaya cak a kan tsinke.

"Allo? Kana nufin fure za a jera?"

"Har bakin layi."

"Ranar Asabar ka ce?" Muryarta ta yi laushi, har da ba shi tsinke ɗaya kyauta. Gonda ya tafi yana tauna yana cewa a ransa, ka ga aikin iya magana.

Daga nan ya zarce shagon Noda mai fure, wani dattijo mai murya kamar yana kiran jirgin ruwa. Ya ja shi can ciki, bayan bokitai.

"Kwanduna bakwai nake so, dogaye, masu ƙafar ƙarfe. Kowanne da allon sunan wanda ya aiko."

"Madalla. Su wa suka aiko?"

"Rubuta. Kamfanin Faifai na Farin Doki. Gidan Rediyon Tauraron Gabas. Ƙungiyar Manyan Makaɗan Tokyo."

Noda ya ajiye alƙalami.

"Gonda, akwai waɗannan a duniya kuwa?"

"Sassauta murya mana! Wa zai je Tokyo ya bincika?"

Da ƙyar suka haɗa sunaye shida. Na bakwai ya ƙi zuwa, Gonda ya ce zai aiko da shi daga baya. Ya zaɓi manyan fararen furannin nan masu ƙamshi, masu zubar da garin rawaya, don su ne ake gani daga nesa. Ya ga yadda Noda ke ɗaure kwando a kan ƙarfe, ya ture shi gefe, ya warware, ya sake ɗaurewa cikin ƙiftawar ido.

"Haka ake yi. Ko girgizar ƙasa ba ta kayar da wannan."

Noda ya daɗe yana kallon ƙullin, sannan ya kalli Gonda. Suka yi wata 'yar magana ƙasa-ƙasa, wadda Gonda ya yi nadamarta tun kafin ya kai ƙofa.

"Amma ka tuna nan Nagoya ce," Noda ya kwaɗa masa daga baya. "A waje za ka jera su?"

"Wannan wasan waƙa ne, ba buɗe shago ba. Mutane sun san bambanci."

"Mutane sun sani. Goggonnin Osu fa?"

Gonda ya yi tsaki ya wuce.

To, mu nan garin kowa ya san ƙa'ida. In aka jera furen taya murna a ƙofar shago, da zarar an ɗaga ƙyaure ya zama na kowa. A zo a zare, a kai gida. In aka wawashe shi da wuri, shagon zai yi albarka, in kuwa ya wuni ba a taɓa ba, abin kunya ne. Gonda a nan aka haife shi, uwarsa ma gwana ce a wannan fage. Amma shekara talatin na Tokyo sun cika masa kai, can da fure ke tsayawa a ƙofar zaure har a watse ba mai taɓa ko ganye.

Bai tsaya nan ba. Ya je wurin shugaban unguwa ya aro lasifikokin rawar bazara guda biyu, kowacce ta kai tsayin yaro, haɗe da tsohuwar rikodarsu da wayoyin suka cukurkuɗe da ita ba a iya raba su. Ya aro kiret ɗin lemo ya jera, ya shimfiɗa ja-jan ƙyalle a kai ya ce dandamali ke nan. Ya kuma samo labulen nan mai ratsin ja da fari ya rataya a gaban shago, wanda ko jariri ya gani ya san ana buɗe sabon wuri.

Chizuru ta leƙo ranar Juma'a da jitarta, ta ga lasifikokin, ta ja da baya.

"Gonda-san, ni fa waƙoƙina a hankali ake yin su."

"Shi ya sa na kawo miki waɗannan. Ko numfashi kika yi sai an ji a tashar jirgi."

"Abin da nake tsoro ke nan."

"Bar tsoro, kina hannun gwani."

Asabar da hantsi motar Noda ta sauke kwanduna shida. Na bakwai yana shagon Noda yana jiran suna. Aka jera su, suka cinye rabin hanya, allunansu na sheƙi. Gonda ya sa baƙar kwat ɗin da ta matse shi a ciki, da farar safar hannu, ya shige shago ta ƙofar baya. An bar ƙyauren ƙarfe a rufe sai lokacin wasa, don a cewarsa haka ake tara sha'awa.

Can ya leƙa ta 'yar kafa, ya dawo fuskarsa kamar an kunna fitila.

"Kito-san! Zo ki ga jama'a! Layi har ya sha kwana!"

Kito-san ta taka a hankali ta sa ido a kafar. Mata ne, sun fi hamsin, mafi yawansu sun yi jika. Kekuna jere, kowanne da kwando a gaba. Wata na riƙe da tsohuwar jarida, wata da bokiti. A sahun gaba Goggo Tomeko ce, almakashi na leƙowa daga aljihun rigar aikinta.

"Gonda-san, tun yaushe masu son waƙa suka fara zuwa da bokiti?"

"Na hawaye ne. Waƙar Chizuru akwai taɓa zuciya."

"Da almakashi?"

"Ke dai ba kya son a yabe ni."

Ya gyara kwat, ya kama ƙyaure, ya ɗaga shi sama da ƙarfi, ya buɗe hannuwa.

"Barkanku da zuwa, masoya waƙ..."

Ba wadda ta kalle shi. Ƙyaure na kaiwa sama suka rufar wa kwandunan. Kafin ya sauke hannu, Kamfanin Farin Doki ya koma ganye zalla. Gidan Rediyon Tauraron Gabas na biye da shi.

"Kai! Ku tsaya! Na wasa ne! Daga Tokyo aka aiko!"

"To a gaishe su!" in ji wata tana cusa fure a bokiti.

"Tomeko-san, ke ma? Bayan tawul ɗin da na ba ki?"

"Ga shi nan na naɗe gindin furen da shi. Allah ya sa albarka, Gonda-san, shago zai yi kasuwa!"

"Shekararsa ashirin da buɗewa!"

"To ai gara yanzu da babu."

Ya tsaya a gaban na uku ya baza hannuwa. Wata 'yar tsohuwa da ba ta kai kafaɗarsa ba ta bi ta ƙarƙashin hammatarsa ta zare uku, ta dawo ta nan, har da ce masa a gafarce ta. Nan dabara ta faɗo masa, irin dabarun da ke zuwar masa. Abin waje ne na kowa, abin ciki kuwa na mai shago ne. Ya rungumi kwando ɗaya ya ja shi ciki. Ya dawo ya ja na biyu, ya ja na uku, ya ja na huɗu, ya jera su kewaye da dandamali, inda Chizuru ke tsaye da jita.

Su kuwa goggonni suka dubi juna. Fure ya shiga shago, ƙofa a buɗe. Sai suka bi shi.

Shagon da mutum goma sha biyar ke cika shi, yau ya haɗiye hamsin da bokitansu. Su 'yan kaɗan ɗin da suka zo don waƙar da gaske, wani ɗalibi da wasu ma'aurata da mai gidan taliyar Chizuru, an manna su da bango. Kito-san ta kwanta a kan kwalin sababbin faifai da ciwon bayanta, tana kare shi da jikinta.

"Gonda-san," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Kujera."

Kalmar ta shige shi har ƙashi. Ya juya wurin Chizuru.

"Fara! Fara yanzu! Ga jama'a!"

Ba a ganin komai nata sai saman kai, furanni sun rufe ta ta ko'ina, garin rawaya na zuba a kan jitar. Ta ja numfashi za ta fara, hancinta ya motsa. Atishawar da ta yi a bakin makirfo ta fita ta lasifikokin rawar bazara kamar an harba igwa. Wani faifai da ke rataye a bango ya faɗo. A waje wani kare ya tsinke igiya. Ta sake yi, ta sake, idanunta suka yi jawur.

"Furen ne," ta ce da ƙyar. "Ba na shiri da..." Ta sake wata.

"Kada kowa ya motsa!" Gonda ya haye dandamali ya ƙwace makirfo. "Ni ne shugaban shirye-shirye! A Tokyo..."

Lasifika ta yi wata ƙara mai tsinka kunne. Ya sunkuya ya danna maɓalli don ya rage. Ba ta ragu ba. Ya danna na kusa da shi. Ashe kaset ɗin rawar bazarar bara na nan cikin rikoda ba a cire ba. Ganga ta buga, sarewa ta biyo.

Matan nan kowacce ta yi shekara hamsin tana wannan rawar duk bazara. Ba su yi shawara da kowa ba, ƙafafunsu ne suka yanke hukunci. Goggo Tomeko ta ɗaga damin furenta dama, ta ɗaga hagu, ta tafa sau biyu. Na bayanta suka ɗauka. Kafin ka ce me, da'ira ta haɗu tana zagaya teburin tsakiya, wanda har yanzu ba a tura shi gefe ba, aikin nan ɗaya da aka sa Gonda. Duk wadda ta zo wucewa ta gaban dandamali sai ta zari fure ɗaya ba tare da ta ɓata taku ba.

"Ku daina! Ba wannan ba ce waƙar!"

"Ƙara sauti, Gonda-san!"

Ya shiga danne-danne da hannu biyu. Lasifikokin suka ja wutar da shagon bai taɓa ja ba, sai ji aka yi ɗaf, komai ya mutu, fitila da kaset da garmaho. A cikin wannan shirun ne kiret ɗin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ta dama ya ce ya gaji. Dandamali ya buɗe biyu, shugaban shirye-shirye ya nutse a tsakiya har ƙugu, ja-jan ƙyallen ya naɗe shi, kwat ta yage daga baya.

Daidai nan hasken ƙofa ya dushe. Noda ne, rungume da kwando na bakwai, cike da fure, allonsa fari fat.

"Gonda!" Muryarsa ta cika shagon ba tare da lasifika ba. "Na gaji da jira! Wane suna zan ƙirƙira a wannan? Farin Doki mun yi, Tauraron Gabas mun yi. Ko in sa Baƙin Doki?"

Gonda na daga cikin kiret yana yi masa alama da ido, da gira, da safar hannu.

"Ƙirƙira?" in ji Goggo Tomeko. "Manyan Tokyon fa?"

"Wane manya? Shi ya aiko wa kansa duka. Amma ku duba ɗaurin nan, nasa ne, ni ban iya irinsa ba. Shekara talatin yana dakon kwandunan fure a ƙofar zaurukan Tokyo, ya shigar da safe ya fitar in an tashi. Da bakinsa ya faɗa mini."

Dariyar ta fara daga baya, ta taho gaba kamar ruwa ya ɓalle. Wata ta zauna a kan bokitinta tana share ido.

"Harkar manyan wasanni!"

"Ashe shi ne mai rina wa mawaƙa gashi da garin fure!"

Gonda bai ce komai ba. Wannan ne karo na farko da aka ga haka a shagon. Ya fito daga kiret da rarrafe, ya cire safar hannu ya sa a aljihu. Kunya ta kama shi, amma ba ita ta fi ci masa rai ba. Chizuru na tsugune tana share hanci, ba ta rera ko baiti ɗaya ba, shi kuma ya san abin da aka ce masa ranar Talata. Ya ratsa ta cikin mata ya je gefen kanta, ya ɗauki kujerarsa ya rungume, ya nufi ƙofa. Ya tuna ɗakin nan nasa mai shiru, ya rage sauri.

"Ina za ka da ita?" in ji Kito-san.

"Ke kika ce."

"Na ce in Asabar ta wuce. Ta wuce? Ajiye ta nan tsakiya. Tomeko-san, ku taimaka ku ƙarasa aikinku, ku fitar mini da furen nan waje ya sha iska. Noda-san, naka ya tsaya a ƙofa. Kai ɗalibi, tura teburin can."

Ba a taɓa ba goggonnin Osu umarnin da ya yi musu daɗi kamar wannan ba. Cikin ɗan lokaci babu ko ƙwayar fure a ciki, duk suna kwandunan kekuna. Amma ba su tafi ba. Wanda ya ɗebi furen shago ai ba ya juya baya haka nan, da kunya. Suka dawo suka tsaya, wasu ciki, wasu a bakin ƙofa.

Chizuru ta wanke fuska, ta zauna a kan kujerar Gonda, ta ɗan yi gefe saboda gajeriyar ƙafar nan.

"Ki matsa hagu kaɗan," Gonda ya ce a hankali. "Sai ta zauna daidai."

Ta matsa. Babu wuta, babu makirfo, sai hasken da ke shigowa ta ƙofa. Ta fara da waƙar wata mata da ke buɗe shago tun gari bai waye ba, tana dafa wa mutane abinci, ba wanda ya san sunanta. Muryar ƙasa-ƙasa ce, dole kowa ya yi shiru in yana son ji, kuma kowa ya yi. Goggo Tomeko, da ta yi shekara arba'in a gaban garwashi, ta laluba tana neman tawul ɗin Gonda, ta tuna yana gindin fure, ta share ido da hannun riga. Chizuru ta yi uku, aka ce ta ƙara. Ta yi ta huɗu, ta yi ta biyar.

Da aka gama, layi ya koma wurin kanta. Rabin matan ba su da garmaho a gida, amma suka ce jikoki na da shi, ko kuma za a jingina faifan kusa da furen. Chizuru na sa hannu tana rusunawa, hancinta ja, bakinta ya ƙi rufuwa.

Gonda na tsaye a lungu da yagaggiyar kwat. Da ya ga kwalin ya kusa ƙarewa, sai ƙirjinsa ya fara tasowa.

"Kin gani ko, Kito-san? Da ma haka na tsara. A Tokyo ana kiran wannan dabara..."

"Gonda-san."

"Na'am."

"Rufe mana baki. Noda-san, ba ni allon nan da alƙalami."

Ta ɗora allon a kan kanta ta yi rubutu da manyan baƙaƙe, irin waɗanda take yi wa sababbin faifai. Ta miƙa wa Noda ya maƙala a kwando na bakwai da ke bakin ƙofa. Gonda ya fita ya duba. An rubuta: Taya murna ga Chizuru, daga Gonda Shigeo, mai kujera.

Ya ɗauki dubban alluna a rayuwarsa, ya goge su, ya daidaita su, ya haddace sunayen da ke kansu. Bai taɓa ganin nasa a kan ko ɗaya ba. Ya tsaya yana karantawa yana sake karantawa.

Sai ya ji motsin almakashi a gefensa. Goggo Tomeko ce, da sauran a bayanta, suna jira.

"Wannan na waje ne ko na ciki?" ta tambaya.

Gonda ya zare allon ya sa a hammata, ya ja da baya, ya rusuna.

"Na waje ne, Tomeko-san. Ku yi sauri, kada a ce nawa ya wuni."

Kafin ya ɗago sun bar ƙarfe tsirara. Ya leƙa cikin shago, ya ga Kito-san ta tura kujerar da ƙafa ta mayar da ita gefen kanta, kusa da garmaho.

"Litinin ka zo da wuri," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Akwai lasifikokin mutane da za ka mayar. Asabar kuma kujerar ta mawaƙa ce, kai a tsaye za ka wuni."

"A tsaye? Ni da na yi shekara talatin a tsaye a Tokyo?"

"Wannan kam," in ji Kito-san, "na yarda."